Rahoton Mutuwar Kanel a Kakar Gyaɗa

Gilashin kwamfutata ya fashe ne a but ɗin motar Ɗanbatta, ranar da na taho gida hutun mako uku. Na roƙi direba ya bar min jakar a kan cinya, ya ce mu huɗu ne a baya, ina zan sa ta. Ban iya gardama ba, sai na miƙa masa. A hanya muka ɗauki wani mutum da ƙaramin injin ban-ruwa, aka ɗora shi a kan kayan da ke but. Da na isa gida na buɗe, sai na tarar kashi ɗaya cikin uku na gilashin, daga hannun dama, ya koma baƙi kamar an kifar da tawada a kai.

Ina shekarar ƙarshe a karatun kimiyyar kwamfuta a lokacin. Yawancin 'yan ajinmu shafin intanet suka zaɓa a matsayin aikin kammalawa, na ajiye sunayen ɗalibai ko na kayan kanti. Ni na ce ƙaramin kanel zan rubuta. Kanel shi ne ɓangaren manhaja da ke ƙarƙashin komai a kwamfuta, shi ke raba wa sauran ayyuka lokaci da wurin zama. Nawa abu ɗaya kawai ya iya: yana tafiyar da ayyuka biyu bi da bi, ɗaya yana rubuta A, ɗaya yana rubuta B. Zai yi minti goma sha wani abu yana tafiya lafiya lau, sai ya tsaya cak. Ya mutu.

Idan kanel ya mutu ba shi da na gaba da zai kai wa ƙara. Abin da kawai zai iya, kafin ya cika, shi ne ya zubo a kan gilashi abin da ke cikin rajistocin firosesa. Rajistocin nan 'yan ma'ajiyai ne guda goma sha shida a cikin ƙwaƙwalwar injin, kowacce tana riƙe da lambar da ake aiki da ita a daidai wannan ƙiftawar idon. Akwai kuma wata guda da ke nuna umarnin da aka kai. Wanda ya iya karanta su zai gane inda aka faɗi, da abin da ke hannu lokacin da aka faɗi. Wannan shi ne rahoton mutuwar. Ni kuma ke da alhakin rubuta umarnin da ke fitar da shi, har da yadda kowace lamba za ta zauna a kan gilashi.

Rahotona na farko ban tsara shi ba sam. Sunan rajista, lamba, sunan rajista, lamba, duk a manne, layi ya cika ya gangaro na ƙasa. Lambar da ta fara da sifili sai a yar da sifilin, don haka wata ta fito doguwa, wata ƙwaya ɗaya tak. Ƙarshen kowane layi kuma ya shige cikin baƙin nan ya ɓace. Na ɗauki hotonsa da wayata na tura wa malamin da ke duba aikina. Da yamma ya kira.

"Kai, mene ne wannan ka turo min? Gero ka watsa wa kaji?"

"Rahoton ne, Malam."

"Ina rajistar RBX ta ƙare, ina ta RCX ta fara? Kai da ka rubuta kana iya karantawa?"

Gaskiyarsa ce, ni ma ba na iya karantawa.

"Saurara. Ranar Litinin ɗin da aka dawo, ka kawo min rahoton da mutum zai karanta, wanda ya nuna inda abin nan yake mutuwa. In babu, ka ajiye kanel ka ɗauki shafin ajiye sunaye irin na 'yan uwanka. Ba zan zuba ido ka maimaita shekara saboda taurin kai ba."

"To, Malam."

Na so in gaya masa gilashin ya fashe. Ina neman ta inda zan fara, sai na ji ya kashe wayar.

Wata bakwai na yi a kan wannan kanel. Tunanin in ajiye shi in koma ƙera gurbin da za a rubuta suna da lambar ɗalibi ya hana ni jin daɗin tuwo ranar.

Batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, ba ta aiki sai a jone. A gidanmu kuwa wutar da muke da ita ta sola ce, faranti ɗaya a kan rufin ɗakin Baba, da tsohon batir da 'yar inbata mai juya wutar batirin, an haɗa su ne don cajin waya da ƙwan fitila biyu. Ba sa ɗaukar kwamfuta sai rana tana tsaka. Ga shi lokacin cirar gyaɗa ne, Baba kuma bai ga dalilin da zai sa ɗansa na fari ya zo hutu ya zauna a ɗaki ba. Da asuba muke fita gona, mu yi ta cira muna kifewa har rana ta take. Sai bayan azahar nake samun shiga shagona da ke jikin zaure, in jawo wayar wuta ta taga, in zauna a tabarma. Daga nan zuwa la'asar shi ne duk lokacin da nake da shi, in gajimare bai tare rana ba.

Kowane gwaji yana da tsawo. In gyara umarni, in haɗa, in zuba a filash, in kashe kwamfutar, in tashe ta da kanel ɗina, in zauna ina kallon A da B suna cika gilashi har ya mutu. Bayan ya mutu babu abin da ke aiki, ba a iya ajiye rahoton a ko'ina. Hoton wayata kuma dishi-dishi yake fita, ba a bambance takwas da B. Sai na koma kwafa da hannu. A rana in na yi sa'a in samu gwaji uku.

Kwana biyu na farko tsari kawai na yi. Na sa kowace lamba ta fito da ƙwaya takwas cif, wadda ba ta kai ba a cike mata gabanta da sifili. Na sa tazara tsakanin rajista da rajista. Gilashin yana ɗaukar harafi tamanin a layi, amma da na bi da tsinken tsintsiya ina ƙirgawa, hamsin da uku kawai ake gani kafin baƙin ya fara. Rajista huɗu a layi suka shiga da ƙyar. Da rahoton ya fito a jere, kowace lamba a ƙarƙashin 'yar uwarta, na daɗe ina kallonsa. Shi ne abu na farko da ya yi min kyau tun da na dawo.

Na ɗauko sabon littafin rubutu da rula, na ja gidaje, kowace rajista da gidanta daga sama har ƙasa, kowane gwaji da layinsa. Ina kwafa sau ɗaya, in sake bi da tsinke ina dubawa ƙwaya-ƙwaya. Ban yarda in yi gogewa ba. In na yi kuskure sai in soke layin da rula in sake sabo.

Rajistar da ke nuna inda aka faɗi kullum wuri ɗaya take nunawa: cikin umarnin da ke rubuta haruffa a kan gilashi. Abin ya yi min ma'ana, tunda ayyukan biyu rubutu suke yi. Na ce to ga ɓarawon. Na karanta umarnin nan layi-layi ban ga komai ba. Na rushe shi na sake rubutawa. Kanel ya mutu. Na sake rubuta shi ta wata hanya dabam. Ya mutu, rahoton ya sake nuna shi. Sau uku ina rushewa ina ginawa, mako guda da kwana biyu suka tafi a haka.

Wata rana ina tsakiyar kwafa, na kai rajista ta tara, hadari ya taso daga gabas. Inbata ta fara kukanta, ƙit, ƙit, ƙit. Na ƙara sauri, kafin in kai ta goma sha ɗaya gilashin ya ɗauke. Ko ɗigon ruwa ba a yi ba, hadarin ya wuce abinsa. Na fito tsakar gida na tsaya ban san abin da na fito yi ba. Inna tana tsinkar gyaɗa a gindin darbejiya. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kiran sunana.

"Kai wannan, lafiya kake huci kamar wanda aka kora?"

"Wuta ce ta ɗauke, Inna."

"To zauna ka taya ni, gyaɗa ba ta buƙatar wuta."

Na zauna na taya ta har la'asar. Ba ta sake tambayata ba.

Ranar Alhamis ta makon ƙarshe na gano wani kuskuren. Rajistocin injina ƙwaya goma sha shida suke ɗauka, ni kuma takwas nake nunawa. Ashe rabin kowace lamba nake yankewa ina zubarwa. Na faɗaɗa su zuwa sha shida, sai jerin da na sha wahalarsa ya watse: ta uku da ta huɗu a kowane layi suka faɗa cikin baƙi. Na sake ɗauko tsinke. Uku ba za su shiga ba, sai biyu. Rajista biyu a layi, layi tara, duk a takure a hannun hagu. Gidajen littafina ma suka yi kaɗan, sai da na juya shi a kwance na ja sababbi. Wunin Alhamis ya tafi a nan, ko taɓa neman dalilin mutuwar ban yi ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Baba ya leƙo shagon yana neman wayar caji. Bai yi boko ba, amma ya san lambobi sarai, ya haddace lambar wayar kusan kowa a garinmu. Ya ga littafin a buɗe a tabarma, ya durƙusa ya ɗauka.

"Injiniya, wannan ne abin da ya hana ka sakewa a gona?"

"Shi ne, Baba."

Ya yi ta juya shafi yana lasar yatsa. Ya yaba layukan, ya ce ko mai awon gona bai kai ni miƙe layi ba. Sai ya tsaya, ya ɗora yatsa a gida na uku, gidan RCX, ya gangara da shi.

"Wannan kuma fa? Takwas, takwas, takwas. Nan ma takwas. Kai ba ka gajiya? Ai da ka rubuta sau ɗaya ka ce sauran duk haka."

"Haka take fitowa."

"Kullum?" Ya juya zuwa sabon shafin da na ja a kwance. "A'a, ga shi jiya ta samu ƙarin girma. Ta zama goma."

"Ba goma ba ce, Baba. Sha shida ce."

Ya ɗago ya dube ni. "Ɗaya da sifili?"

Na yi masa bayani a gajarce cewa a wannan lissafin ba a goma ake juyawa ba, a sha shida ake juyawa, don haka ɗaya da sifili sha shida ke nan.

"Ikon Allah. Shekara huɗu a birni, an koya maka goma sha shida ce. Kada ka yarda ka auna min gyaɗa bana."

Ya ɗauki wayar cajinsa ya fita yana dariya, ina jin sa a zaure yana ba wani maƙwabcinmu labari.

Ni ban yi dariya ba. Na jawo littafin na dubi gidan da ya nuna. Na ga takwas ɗin nan tun ranar farko, sau ashirin da wani abu na rubuta ta da hannuna, har na saba da ita na daina ganinta. Takwas ce duk kwanakin da nake fitar da ƙwaya takwas. Ranar da na mayar da su sha shida, ta zama sha shida. Babu abin da na canza a kanel ranar Alhamis in ban da faɗin lambobi. Me zai sa mutuwar kanel ta san faɗin da na zaɓa wa rahoto?

Na buɗe umarnin da ke fitar da lamba. Ga shi nan ƙuru-ƙuru: da RCX yake ƙirga ƙwayoyin da ya rubuta. Ya rubuta ɗaya ya ƙara, ya rubuta biyu ya ƙara, har ya cika. Ni kuma da na tsara rahoton, sai na sa a leƙa kowace rajista a daidai lokacin da za a rubuta ta. Kafin a zo kan RCX, an riga an rubuta biyun da ke gabanta, mai rubutun ya zubar da abin da ke cikinta ya zuba ƙirgensa. Sauran ma haka, duk wadda ya taɓa ya ɓata ta. Har rajistar da ke nuna inda aka faɗi: ina tambayarta ne ina tsaye a cikin umarnin rubutu, ita kuma ta gaya min gaskiya, a nan muke. Umarnin da na rushe sau uku ba shi da laifin komai. Duk abin da na kwafa da rula da tsinke sawun ƙafata ne a kan wurin da na zo dubawa.

Na rufe kwamfutar tun la'asar ba ta yi ba. Na fita bayan gari na bi ta gefen gonakin dawa na yi ta tafiya. Haushin da nake ji ba na kuskuren ba ne kawai. Da ma ban yi taka-tsantsan ba, da na ce garaje ne ya ja min. Amma na duba kowace ƙwaya sau biyu. Layi ashirin da uku, babu gogewa ko ɗaya, kuma babu layi ɗaya mai amfani.

Gyaran ba shi da yawa. Da zarar kanel ya faɗi, kafin a rubuta ko harafi ɗaya, a kwashe rajistocin gaba ɗaya a ajiye a gefe, a ɗauko wurin faɗuwar daga inda firosesa da kansa ya ajiye shi, sannan a zo a yi ta tsara su a natse. Na rubuta shi a takarda da yammacin nan, bai kai layi talatin ba. Ranar Asabar aka wuni da lumshi, inbata ta ƙi ɗaukar kwamfuta ko na minti biyar. Na zauna a bakin zaure ina kallon sama kamar mai jiran baƙo.

Ranar Lahadi na ce wa Baba ba zan je gona ba. Ban taɓa faɗa masa haka ba. Ya dube ni, ya saɓa fartanyarsa, ya ce, "To, a gai da sha shida." Rana ta buɗe da hantsi. Gwajin farko ban haɗa daidai ba, ko tashi bai yi ba. Na biyu ya tashi, A da B suka yi ta zuba, ya mutu. Rahoton ya fito biyu-biyu a hannun hagu, RCX ɗauke da wata doguwar lamba da ban taɓa gani ba, wurin faɗuwar kuma nesa da umarnin rubutu. Na kwafa. Na sake gwadawa don in tabbata, ya nuna wuri ɗaya. Lokacin bin sawun dalilin ya riga ya ƙure, gobe Litinin.

Da yamma na yage shafukan nan marasa amfani zan kai murhu. Inna ta tare ni.

"Ina za ka da takardu masu kyau haka?"

"Ba su da amfani."

"Akwai sunan Allah a ciki?"

"Babu, lambobi ne zalla."

"Ka tabbata? Duba dai."

Na tabbatar mata. Ta karɓa ta sa a ƙarƙashin faifai.

Ranar Litinin na riƙe jakata a cinya har Kano, duk da mitar da na kusa da ni ya yi ta yi. A ofis Malam ya karɓi littafin, ya dubi layuka biyun da suka rage a ciki. Bai yi minti ɗaya ba ya zare biro ya kewaye RSP, rajistar da ke nuna inda aiki yake tara kayansa na wucin gadi.

"Dubi nan. Ta fita daga wurin da ka ware wa aiki na biyu, ta shiga gonar maƙwabci. Daga nan za ka fara." Ya ce in kunna ya gani da idonsa. Na buɗe kwamfutar. Ya dubi baƙin da ya cinye gefen gilashin, ya dube ni.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka yi hutu."

"Shi ya sa ka cusa su biyu-biyu a lungu? Kai wane irin mutum ne? Ga monita nan a ɗakin gwaji har uku babu mai taɓa su, da ka yi magana ai da na sa an ba ka ɗaya ka tafi da ita."

Ban gaya masa ko an ba ni solarmu ba za ta ɗauka ba. Ban gaya masa komai a kan takwas ɗin ba. Na ce, "To, Malam."

"Ci gaba da kanel ɗinka. Mako biyu na ba ka, in ga A da B sun yi awa guda ba su mutu ba."

Na fito na zauna a kan dakalin da ke bayan sashenmu. Mako biyu, bayan na ƙone uku. Yunwa ta tuna min ban karya ba, na laluba aljihun jaka na ciro ƙullin ƙuli-ƙulin da Inna ta sa min. Da shafi na biyu na takardun nan ta naɗe shi. Mai ya jiƙe takardar har ana ganin layukan baya ta ciki, gida na uku yana nan da takwas ɗinsa daga sama har ƙasa. Na cinye, na dunƙule takardar, na tashi na tafi neman mai riƙe da makullin ɗakin gwaji.